Ƙyauren Hussaina

Shafi na 17

Kafin mu shiga, bari in amsa laifina. A shafi na tara na ce keken Mainasara kore ne, a na sha shida kuma na mayar da shi shuɗi. Wata baiwar Allah ta biyo ni har akwatin saƙo da hotunan shafukan biyu, ta ja jan layi a ƙarƙashin kowanne. Hajiya, kin yi gaskiya. Mutumin da ya taɓa zuwa ɗaurin aure da hula a baibai, ba launin keke ne zai zauna masa a kai ba. Mu bar shi a kore. Masu tambayar abin da ya hana ni sakin shafi kwana shida kuma, ban yi tafiya ba, ban yi ciwo ba. Lalaci ne.

*

Da hantsin Alhamis Mainasara ya ja birkin kekensa, kore, a ƙofar ofishin Shirin Taka Tare da ke bayan tashar Bodinga. Bai daɗe ba keke napep ta sauke Ɗanmalam makaɗi da Hussaina, da ƙyauren da suka ɗauro a samanta tun daga Lambara. A Bodinga za a bar shi ya jira motar Asabar.

Ƙyauren tsohon zauren mahaifin Hussaina ne a Mandera, katako mai nauyin tsiya. Ita kurma ce tun haihuwa. In za a yi wasa sai a shimfiɗa shi bisa tubala huɗu, Ɗanmalam ya kwantar da cikin gangarsa a gefe ɗaya, ita ta hau ɗaya gefen ba takalmi. Kiɗan ya bi katako ya shiga tafin ƙafarta. Mainasara kuwa, wanda shan inna ta naɗe wa ƙafafu tun yana ɗan shekara huɗu, shi ke zagaye su da hannu, takalman katako a tafukansa, ƙafafu a sama. Shekara goma sha ɗaya suna haka su uku.

Abin da ya kawo su bai da yawa. Jibi Asabar za a tantance ƙungiyoyin rawar naƙasassu a Sakkwato. Duk ƙungiyar da ta taka a gaban alƙalai za a ba ta takarda mai hatimi cewa masu wasa ne, ba mabarata ba. Sau biyu masu hana bara suna watsa musu wasa a tsakiyar kasuwa. Na biyun har ƙyauren suka ɗauke, sai da aka kwana goma sha ɗaya ana bin sawunsa, Hussaina ta ƙi cin abin kirki. Takardar nan ce za ta hana na uku. Yau kuma ake rufe rajista.

Bencin barandar ofishin cike yake da masu jiran layi. Mainasara ya sauka daga keke, ya sa takalman hannunsa, ya shige gaba kamar yadda ya saba. Shugaba ne, ko da na mutum uku.

Malama Nafisa, jami'ar shirin, yarinya ce da ba ta wuce sa'ar 'yarsa ta fari ba. Fanka ba ta aiki, tana fifita da wani fayil.

"Baba Mainasara, sannu da zuwa. Kati."

Ya miƙa.

"Hussaina Bala, Mandera."

Hussaina ta riga ta ajiye nata a tebur.

"Muhammadu Ɗanmalam, Lambara. Kati, Baba."

Ɗanmalam ya zuba wa bakinta ido. Halinsa ne, in kana magana sai ya kafe ka da ido kamar yana jiran ka yi ƙarya. Mutane da yawa sun ɗauke shi mai girman kai saboda haka.

"Wane kati?"

"Katin naƙasa."

"Ni lahiyata lau."

"To shi ne matsalar, Baba."

"Ɗiyata, na kai shekara hamsin da bakwai duniya, yau nif fara jin an kira lahiya matsala."

Aka yi 'yar dariya daga baranda. Malama Nafisa ba ta yi ba. Ta nuna takardar da aka manna a bango da koko.

"Sashe na huɗu. Duk wanda zai hau dandali sai mai katin naƙasa. Ba ni na rubuta ba."

Ta ɗauki biro ta ja layi a kan sunansa. Ta ma yi amfani da gefen fayil don layin ya miƙe.

Mainasara ya yi gyaran murya.

"Malama, ai makaɗi ba mai rawa ba na. Gefe shika zama."

"Bisa dandali zai zauna ko ƙasa?"

"Bisa."

"To ka gani." Ta ɗan sassauta murya. "Amma akwai mafita. Ga Baba Manu can, makaɗin ƙungiyar makafi. Yana da kati. In ya gama nasu sai ya yi muku."

Daga bakin ƙofa wani dattijo mai baƙin tabarau da kalangu a hamata ya ɗago kai.

"Ni ba ni ƙin taimako," in ji Manu. "Sai dai ban taɓa ganin rawar tata ba."

Barandar ta sake ɗauka.

"Malama," Mainasara ya ce, "in Hussaina za ta juya rawa, diddigen hagu taka ɗagawa. Makaɗi shi gani, shi juya kiɗa tare da ita. Ita ba ta jin Manu, Manu ba shi ganin ta. Ina za su haɗu?"

"Wallahi na gane. Amma doka ce."

Ɗanmalam ya matso, ya dafa tebur da hannu biyu.

"Wai wane marar aikin yi yak kawo wagga doka?"

Mainasara ya sami wani abu mai ban sha'awa ƙwarai a jikin takalmin hannunsa, ya dage da kallonsa.

Sai a lokacin Malama Nafisa ta yi murmushi, irin na wadda ta sami abin da zai sanyaya wuri.

"A'a, Baba, kada ka zagi mai ita yana zaune. Ai Baba Mainasara ne ya kawo ta a taron shawara. Yana cikin rahoto. An ce har tafi aka yi masa."

Ɗanmalam bai ɗauke ido daga bakinta ba sai da ta rufe shi. Sannan ya sauke idon ƙasa, inda Mainasara yake.

"Taho waje," ya ce.

*

An jingine ƙyauren a jikin dogonyaro. Hussaina ta biyo su, ta tsaya inda take ganin fuskokinsu duka biyu.

"Dube ni, Shugaba," in ji Ɗanmalam. "Kai kak kawo ta?"

"Ni nik kawo ta."

"Yaushe?"

"Wata uku ke nan. Lokacin da anka kira ni taro Sakkwato."

"Wanda kad dawo kana ba mu labarin shinkafa da kaza."

"Shi."

"Kazar kaɗai kat tuna ka faɗa muna."

Mainasara ya tuna ranar sarai. An ba shi minti uku, ya ci ashirin. Ya ba manyan mutane labarin shekarar da aka raba kekunan guragu, ƙarti masu ƙafa biyu suka naɗe gwiwa da bandeji suka shiga layi, suka karɓi keke suka tura shi kasuwa da ƙafafunsu. Ya ba su labarin ƙungiyar kurame da aka taɓa kaiwa wani biki, aka kira sunan abinci duk suka waiwayo. Ya buga takalminsa a ƙasa ya ce a wannan karon ba mai hawa dandali sai da kati, ko ɗan wane ne. Wani mai babbar riga ya miƙe tsaye yana tafi. Tunda uwarsa ta haife shi ba a taɓa miƙewa tsaye dominsa ba.

"Ka san abin da sunka yi muna lokacin kekuna," ya ce. "Kai kag goye ni munka koma gida."

"Na sani. Bayana bai manta ba."

"To su nika nufi. Ba kai ba."

"Kuma da kana maganar, ina nike cikin kanka?"

"Kana ciki."

"Ina?"

"Cikinmu." Mainasara ya buɗe hannu. "Wallahi, Ɗanmalam, mantawa niy yi lahiyarka lau. Shekara goma sha ɗaya ana korar mu tare. Ban taɓa lissafa ka cikin masu lahiya ba."

Maganar ta shigi Ɗanmalam, amma bai ga dama ya nuna ba.

"To na ji. Takarda ta hito yaushe?"

"Mako uku."

"Ka karanta?"

"Na karanta."

"Ka ga sashe na huɗu?"

"Na gani."

"Kas sa ni niy yi wa ganga sabuwar hwata. Kas sa yarinyar ga ta bar suyar ƙuli kwana uku uku kowane mako tana gwaji. Kas sa munka ɗauko ƙyaure tun daga Lambara. Duk kana sane."

"Na ɗauka ba za su duba ba. Yaushe anka fara bin doka ƙasar ga?"

"Sai da kar rubuta taka."

Wata mota mai buhunan albasa ta wuce, warin ya tsaya bayan ta tafi.

"Sauran sassan hwa?" in ji Ɗanmalam. "Akwai wata nakiya da kab binne muna?"

"Babu. Zama na biyu ban shiga ba."

"Don mi?"

"Bisa bene anka yi shi. Sun ce in jira ƙasa, za a sauko a yi min bayani."

"An sauko?"

"An aiko min da lemo."

Ɗanmalam ya yi wata dariya marar daɗi ta hanci, ya juya rabin jiki yana kallon titi.

Nan ne Mainasara ya sunkuyar da kai ƙasa, don ba zai iya faɗa yana kallon ido ba, ya fara ba da haƙuri. Mai karatu, na san Mainasara, ba mutum ne mai ba da haƙuri ba. Amma ranar ya ba da. Ya ce tafin nan ne ya ruɗe shi. Ya ce mako uku yana so ya faɗa, kullum in ya ga Ɗanmalam yana ɗaure ganga sai bakinsa ya mutu. Ya ce in aka cire Ɗanmalam shi ba kowa ba ne illa gurgu mai tafiya da ka a ƙasa, kuma ya sani. Ya ce ya yafe masa don darajar iyaye. Har muryarsa ta karye a ƙarshe.

Ya ɗago kai.

Ɗanmalam ya juyo ya dube shi.

"Shiru ke nan? Ko haƙuri ba ka iya ba mutum?"

Mainasara ya buɗe baki ya kasa rufewa.

"Mi kac ce?"

"Nic ce ko haƙuri ba ka iya badawa."

"Ɗanmalam, yanzun nan niƙ ƙare..."

Hussaina ta buga ƙyauren da tafin hannu sau biyu. Haka take kiran hankalin mutane. Ta zo ta durƙusa daidai tsayin Mainasara, ta haɗa yatsu huɗu da babban yatsa tana buɗewa tana rufewa. Sunansa ke nan a maganar hannunta, mai surutu. Sannan ta nuna Ɗanmalam. Ta taɓa kunnenta. Ta jera manuniyoyinta biyu kafaɗa da kafaɗa.

Irina ne.

"Wa?" Mainasara ya tambaya da hannu.

Ta sake nuna Ɗanmalam. Ta ɗaga yatsu uku, ta yi alamar ruwan sama. Damina uku.

"Ke," Ɗanmalam ya ce, yana kaɗa mata hannu. "Bari."

Ba ta bari ba. Hannayenta suka shiga gudu, Mainasara yana bin su da kyar. In an kira salla, sai ya ga mutane sun tashi yake tashi. Ranar wani biki a Shagari babur ya yi ta oda a bayansa, bai kauce ba sai da ta fizgo shi. In ka rufe baki da rawani, ba ya amsa maka. Sannan ta sassauta, ta nuna ƙyauren, ta nuna tafin ƙafarta.

A da shi ke ja na. Yanzu ni ke jan shi.

Mainasara ya dubi abokinsa. Duk kallon bakin nan. Duk "dube ni in kana magana" da ake cewa girman kai. Duk ihun da yake yi in yana waya, har matarsa ta karɓe wayar ta ce ita za ta riƙa amsawa.

"Gaskiya ta?" ya ce a hankali, yana buɗe baki sosai.

Ɗanmalam ya zauna a kan saiwar dogonyaro. Ya cire hula, ya duba cikinta, ya mayar.

"Na dama ya mutu tun shekarar da ruwa yac ci albasa. Na hagu akwai saura. Awa mutum shina magana cikin rijiya."

"Kuma kiɗan?"

"Ga cinya nika jin shi. Sauran ƙafarta ka gaya min."

"Shekara uku ba ka faɗa min ba."

"Kai mako uku kak kasa. Ni na hi ka juriya, shi ke nan."

Mainasara ya so ya yi dariya, ta ƙi fitowa. Wani tunani ya riga ya shigo masa, kuma ya ji kunyar saurin da ya shigo. Ya yi ƙoƙarin riƙe shi. Mai surutu ne.

"To ai in haka na..."

"Kar ka hwaɗa."

"Kana da haƙƙin kati."

"Nic ce kar ka hwaɗa."

"Yau aka ruhe rajista, Ɗanmalam."

"Kaka na tahe." Ɗanmalam ya nuna kudu, wajen Lambara. "Gero na shiga rumbu, biki shi tashi. Daga Lambara har Mandera har cikin Shagari ni aka kira. Da shi nika ciyad da gida. Gaya min, wa ka kiran kurman makaɗi bikin ɗiyatai? Ko kiɗan ya hi na kowa, da an ji sai a ce, ashe shi yas sa. Duk kuskuren da ban yi ba sai an jiyo shi."

"Ba kowa za shi ji ba. Malama kaɗai."

"Bodinga?"

Mainasara ya san garinsu, magana ba ta kwana.

Hussaina tana kallon bakunansu. Ba ta kama duka ba, amma ta kama abin da ya isa. Ta taɓa kafaɗar Ɗanmalam, ta girgiza kai. Ta nuna ofis, ta share iska da hannu. Ba don kati ta faɗa ba. Ta nuna Mainasara, ta kwaikwayi yadda ya sunkuya yana ba ƙasa haƙuri. Wannan ne ta kasa jurewa.

Sannan ta ɗauko igiya ta fara ɗaure ƙyauren yadda ake ɗaure shi in za a koma gida. Ba fushi, ba kuka. Ta zagaya igiyar sau biyu, ta taka da ƙafa ta ja. Da ta zo wurin tsagar da masu hana bara suka yi masa ranar da suka jefa shi bayan mota, ta cusa tsumma a ƙarƙashin igiyar don kada ta ƙara buɗe shi.

Ɗanmalam ya daɗe yana kallon tsumman.

Ya miƙe ya riƙe ƙarshen igiyar. Ya girgiza mata kai.

"Taho, Shugaba," ya ce. "Ka zo ka ga aikin dokarka."

*

Ya yi niyyar raɗa. Kowa ya ga haka, don ya sunkuya har gemunsa ya kusa taɓa fayil ɗin Malama Nafisa, ya kare baki da hannu. Sai dai wanda ba ya jin muryarsa ba ya sanin girmanta.

"Malama, ni kurma na. Shekara uku ke nan ba ni ji."

Da muryar da ake cinikin rago a kasuwa ya faɗa. Barandar ta yi tsit. Wata mata da ke ɓare gyaɗa ta tsaya da ɓawo a hannu.

Ɗanmalam ya ga fuskar Mainasara, ya waiwaya ya ga baranda. Ya gane. Ya sauke hannun da ya kare baki da shi, tunda ba shi da sauran aiki.

Malama Nafisa ta ajiye biro.

"Baba, minti ashirin da suka wuce lafiyarka lau."

"Ƙarya nika yi."

"Ko yanzu kake yi." Ta dubi Mainasara. "Baba, ka yi haƙuri, amma ai irin wannan ne aka yi dokar dominsa. Mutum ya fita waje lafiya ya dawo da naƙasa. Kai da bakinka ka ba da labarin."

"Wanga daban na, Malama."

"Su ma haka suke cewa."

Mainasara ya ji kamar ya ɗaga ƙafafunsa sama ya fita da ka, ko wani ya yi dariya a huta.

"Malama," in ji Manu daga bakin ƙofa. "In kin yarda, ni in gwada shi."

"Ta yaya, Baba?"

"Ki sa shi juya baya, shi dubi bango."

Mainasara ya ja rigar Ɗanmalam, ya nuna masa bango. Ɗanmalam ya juya, fuskarsa daidai takardar da aka manna da koko.

Manu ya gyara kalangu a hamata. Kowane makaɗi yana da take, ɗan gajeren kiɗan da ake kiran sunansa da shi. In makaɗi ɗan'uwansa ya buga masa, dole ya waiwayo ya ɗaga hannu, ko suna gaba, ko yana tsakiyar cin tuwo. Ƙin amsawa zagi ne da ba a yi a sana'ar.

Manu ya buga taken Ɗanmalam.

Ɗanmalam yana kallon bango.

Ya matso taku biyu ya sake bugawa, da ƙarfi, har wani yaro a goye ya farka.

Ƙeyar Ɗanmalam ba ta motsa ba. Yatsunsa ne kawai suke ɗan taɓa cinyarsa, suna wani kiɗa nasu daban.

Na ukun Manu bai kai ƙarshe ba. Ya dafe fatar kalangun da tafin hannu.

"Shekara talatin muna kishin juna ni da mutumin ga," ya ce. "Bai taɓa ƙin amsa min ba. Rubuta, Malama. Ba shi ji."

A ƙarshen benci wani ya riga ya fito da waya. Mainasara ya gan shi. Kafin la'asar maganar za ta riga napep isa Lambara.

Malama Nafisa ta daɗe tana kallon layin da ta ja. Ba muguwa ba ce, aiki ne aka ba ta.

"Kati ba zai fito kafin jibi ba," ta ce. "Bari in kira Oga."

Ta fita baranda da waya a kunne. Aka ji "ranka shi daɗe" sau huɗu, aka ji "shaidu biyu", aka ji "to, to, zan duba." Mainasara ya juyo da Ɗanmalam daga bango.

"An gama?" in ji Ɗanmalam.

"An gama."

"Mi Manu yab buga?"

"Takenka."

"Sau nawa?"

"Uku."

Ɗanmalam ya juya wajen ƙofa, ya ɗaga wa Manu hannu sau uku, ɗaya bayan ɗaya. Manu bai gani ba. Matar gyaɗar ce ta sunkuya ta faɗa masa.

Malama Nafisa ta dawo da sauri, fuskarta a sake.

"Ya yarda. Ya ce in sa shi, a kawo kati daga baya."

Ta rubuta Muhammadu Ɗanmalam a saman layin da ta ja, da manyan baƙaƙe. Ta hura hatimi, ta buga. Mainasara da Manu suka dangwala yatsa a matsayin shaidu. Ta miƙa wa Ɗanmalam takardar shiga mota.

Ya karɓa da hannu biyu, ya kai wa Hussaina da ke tsaye a taga. Suka haɗa kai a kan hatimin. Ta bi sunansa da yatsa, ta ɗago diddigen hagu ta buga a ƙasa sau ɗaya. Ya amsa mata da yatsu a jikin taga. Tun safe sai yanzu Mainasara ya ga haƙoransa.

"Af," in ji Malama Nafisa. "Oga ya ce in tuna muku da sashe na tara."

"Sashe shida na, Malama," in ji Mainasara. Ya nuna bango. Ya fito da nasa kwafin daga aljihu. "Ga shi. Shida."

"Tara ya ce."

Ta jawo durowa, ta yi ta tono, ta fito da ambulan ɗin da ya zo daga Sakkwato. Ta zaro ainihin takardar. Ta duba gabanta, sashe shida. Ta juya ta.

Akwai rubutu a baya. Mai fotokwafin tasha gaba kawai ya buga.

Ta karanta da ido tukuna. Sannan ta karanta a fili, kanta a sunkuye, muryarta ƙasa ƙasa.

"Sashe na tara. Domin tsari da kiyaye lokaci, ba a shiga zaure da ganga ko wani kayan kiɗa. Kowace ƙungiya ta kawo kiɗanta a filashi, za a sa a lasifika. An shimfiɗa kafet a dandali, ba a yarda a ɗora komai a kansa ba."

Manu ya zare kalangu daga hamata ya ajiye a cinya.

Ɗanmalam ya juyo daga taga, takarda a hannu, ya ga kowa ya yi shiru. Ya nemi bakin Mainasara da ido.

"Mi tac ce, Shugaba? Ƙarhe nawa mota ka tashi?"

Kowa a ofishin ya ji sashe na tara, har mai gyaɗa, har direban napep da ya leƙo ta ƙofa. Mutum biyu ne kawai ba su ji ba, kuma su ne ke murmushi.